Sarkin Ruwan Abu Hail

Ɗalhatu bai taɓa cewa a cikin kwale-kwale aka haife shi ba. Abin da yake faɗa shi ne a Yawuri aka yanke masa cibiya, sai ya yi shiru ya bar mai sauraro ya ƙarasa sauran da kansa. Abin da ba ya faɗa kuwa, tun yana goye uwarsa ta dawo da shi Kano, ya tashi a Kurna, inda ruwa mafi girma da ya sani shi ne kududdufin bayan gidansu, shi ma daga nesa.

A Dubai, mataimakin malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare da ke Al Qusais. Aikinsa hura ƙwallo, shata layin fili, da busa usur idan babban malami ya tafi shan shayi. Yana zaune a Abu Hail da matarsa Rabi da 'yarsu Nana Firdausi, a filat ɗin da suka raba da Yunana, mutumin Kagoro mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

Farkon zangon karatu na shekarar 2018 shugabar makarantar, wata dattijuwa 'yar Indiya da ba ta ɗaga murya, ta kira shi ofis. Ta ce kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen shekarar karatu, kuma makaranta ta lura yara sun iya hura ƙwallo da kansu. Ɗalhatu bai buƙaci ƙarin bayani ba. A Dubai idan aiki ya tafi, biza tana biye da shi, filat yana biye da biza.

Yana neman abin da zai ce sai idonsa ya faɗa ta taga kan wani dogon jirgi siriri, fari fat, kwance a kan tirela.

"Madam, wancan fa?"

Ta ce wani uban ɗalibi ne ya ba makaranta kyauta, amma Baturen da zai koya wa yara tuƙi ya koma ƙasarsu, ga shi an riga an sa sunan makaranta a gasar watan Maris a tafkin Mamzar.

Ɗalhatu ya gyara zama. "Madam, kin taɓa jin sunan Yawuri?"

Ba ta taɓa ji ba, wannan kuwa ya ba shi fili. Kafin ya fito daga ofis ya zama jikan Sarkin Ruwa, wanda ya koyi tuƙi kafin tafiya. Shugabar ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce ba ta neman kofi. Idan yaran suka shiga gasa, jirginsu ya kai ƙarshen layi, za ta sabunta masa kwantiragi a matsayin koci. In bai kai ba, maganarta ta farko tana nan.

Da ya dawo gida ya tarar da Yunana a kicin yana soya ƙwai.

"Daga yau," in ji Ɗalhatu, "ka riƙa sallama kafin ka yi mini magana. Koci ne a gabanka."

"Kocin me, maƙwabci?"

"Tuƙin jirgi."

Yunana ya kashe risho ya juyo. "Kai da ka sa muka zagaya ta gada a tasi don kada mu hau abra zuwa Bur Dubai?"

"Wannan ƙaramin jirgin fasinja? Raini ne ɗan Yawuri ya zauna wani yana tuƙa shi."

Rabi ta leƙo daga ɗaki. "Baban Nana, ka iya iyo kuwa?"

"Rabi, ana tambayar kifi irin wannan?"

"Ni dai ban auri kifi ba," ta ce, ta koma ciki.

Ranar farko a Mamzar yara huɗu suka ɗauko jirgi a kafaɗa suka sa a ruwa. Babbansu Haidar ne, ɗan Alhaji Zainul Abideen mai kamfanin jigilar kaya a kasuwar Murshid Bazaar. Sauran ukun ɗan Sudan ne da 'yan Indiya biyu. Akwai na biyar, ɗan ƙaramin yaro mai tabarau, wanda ke zama a can baya yana riƙe da igiya biyu da ake karkata jirgi da su, yana ƙirga wa matuƙa. Suka zauna yadda Baturen ya fara nuna musu, matuƙa sun juya wa gaban jirgi baya.

Ɗalhatu ya tsaya a kan yashi, taku da yawa daga inda ruwa ke taɓawa, ya ɗaga lasifika.

"Wa ya koya muku wannan rashin kunya? Ku juya wa hanya baya?"

"Kawu, haka ake zama," in ji Haidar da Hausa.

"A ina? A Yawuri namiji yana kallon inda za shi. Yalla, ku juya!"

Suka juya da ƙyar, ƙafafu na neman wurin takawa. Ya busa usur, suka ja filafilai iya ƙarfinsu. Jirgin ya yi baya da sauri, ya haye yashi, ya tsaya a tsakiyar tabarmar wasu Larabawa da ke shan gahawa. Dattijon cikinsu ya ɗaga kofinsa sama, ya dubi Ɗalhatu.

"Shwayya shwayya, habibi," ya ce, wato a yi a hankali.

Ɗalhatu ya jinjina kai kamar mai duba sakamakon gwaji. "Madalla. Yanzu kun ga abin da ke faruwa in an juya. Na so ku gani da idonku. Ku koma yadda kuke."

Masu kula da tafkin suka ba shi aron ƙaramin jirgi mai inji, wanda kocina ke bin yaransu da shi. Ya ƙi. Ya ce akwai tsohon alkawari tsakanin gidansu da ruwa: duk ranar da jinin Sarkin Ruwa ya hau, ruwa yana tashi gaisuwa, kuma ba ya son ya jefa 'ya'yan mutane cikin haɗari. Don haka ya riƙa koyarwa daga tudu, yana gudu a gefen tafki da lasifika, 'yan motsa jiki suna kauce masa.

"Ashe shi ya sa," in ji Yunana da labarin ya iso shi. "Na daɗe ina mamakin mutum ga baho a banɗaki, shi sai bokiti da moɗa. Tsoron kada ruwan famfo ya tashi gaisuwa ne."

"Ba za ka gane ba. Ku mutanen dutse ne."

"Mu dai in mun ce mun hau dutse, ana ganinmu a sama."

Har aka shiga sanyi yaran ba su haɗa hannu ba. Wannan ya tsoma filafili, wancan yana cirewa, itace na bugun itace, jirgi na rangaji kamar mai ciwon ƙugu. Ɗalhatu ya yi kwanaki yana nazari, sai wata safiya ya gano cutar. Yaron nan mai tabarau ne, da 'yar muryarsa, yana ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.

"Wane namiji ne jininsa zai motsa da lissafi?" ya ce wa Rabi. "Ko noman gayya ba a yi sai da kiɗa. A bikin Rigatar Yawuri, in ana tseren jirage, kowane jirgi da makaɗinsa."

"Ka taɓa zuwa Rigatar?"

"Na gani."

"A waya."

"Ido ai ido ne, Rabi."

Washegari ya tafi Murshid Bazaar, ya kutsa tsakanin kwalaye da masu tura baro, ya samo Dikko. Dikko ƙato ne, ɗan Gusau, yana ɗaure kaya a shagon Alhaji Zainul Abideen, amma gadon gidansu kalangu ne, kuma babu suna ko ɗaurin aure na Hausawan Deira da ba a jin shi. An san shi da hali guda: ba ya iya ganin Alhaji ya shigo taro bai saki duk kiɗan da yake yi ya ɗauki takensa ba. An ce ya taɓa yin haka a tsakiyar addu'a.

"Ranka ya daɗe, cikin ruwa?" in ji Dikko. "Fatar kalangu ba ta son laima."

"Za ka zama makaɗi na farko da ya ci gasa a ƙasar Larabawa. Jikokinka za su ba da labari."

"Akwai liƙi?"

"Duk Hausawan Dubai za su zo."

Dikko ya ɗauko kalangu.

Aka fara atisaye a ƙasa, a wurin ajiye motoci na gidansu Ɗalhatu, ranar Juma'a bayan la'asar. Yara huɗu suka zauna a jere a kan kwali, kowa da sandar mofa, Dikko ya tsaya gabansu ya saki kiɗa. Kafin a jima tagogi sun buɗe. Matan Hausawa na unguwar suka fara isowa da mayafai, wasu da sabulu da zannuwan jarirai a leda, suka wuce sama kai tsaye wurin Rabi.

"Barka, barka! Yaushe kika sauka ba mu ji ba?"

Rabi ta dubi cikinta, ta dube su. Wata dattijuwa mai suna Barira ta ce tun da an riga an zo, ai ba a koma da yunwa ba. A ranar, Rabi ta dafa shinkafar da ta yi niyyar ta kai su ƙarshen wata. Mai gadin gidan, ɗan Pakistan, ya fito zai kore su, kiɗa ya kama shi, aka same shi yana kaɗa kafaɗa a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ba Yunana haushi shi ne dabarar ta yi aiki. Yaran suka fara motsi tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ɗalhatu yana kai da kawo a gabansu yana maimaita darasi guda:

"Ba ku ganin gabanku, don haka ku manta da ido. Kunne! Kiɗa ya yi sauri, ku yi sauri. Ko sama ta faɗo, in Dikko bai tsaya ba kada wanda ya tsaya."

Da ya binciko cewa a gasar sababbin shiga an yarda babba ya zauna a kujerar baya, sai ya sallami mai tabarau, ya ba shi muƙamin mai riƙe robobin ruwan sha. Aka cusa wa Dikko rigar ceto da ba ta rufe tumbinsa ba, aka zaunar da shi. Bayan jirgi ya nutsa, gabansa ya ɗaga kai.

"Kawu," in ji Haidar, "wa zai riƙe igiyoyin? Hannunsa biyu duk suna kan kalangu."

Ɗalhatu bai taɓa lura igiyoyin suna da aiki ba.

"Allah bai ba shi ƙafa ba?"

Aka ɗaura igiyar dama a babban yatsan ƙafar dama, ta hagu a na hagu.

"Ranka ya daɗe," in ji Dikko, "ƙafa fa ita ke fara jin kiɗa kafin kunne."

"To ka ce mata ta yi haƙuri zuwa Maris."

Dikko ya yi ƙoƙari. Yana kiɗa a hankali, ya sandare ƙafafu kamar mai jiran allura, jirgi kuma yana tafiya kusan a miƙe. Ɗalhatu ya soma amsa sunan Sarkin Ruwa, wanda Yunana ya laƙa masa don tsokana, ba tare da ya ji tsokanar ba. Ya aika Kano aka ɗinko masa babbar riga shuɗiya mai aiki har gwiwa. Ya tura gayyata a duk wani zauren waya da Bahaushe ke ciki daga Deira zuwa Sharjah.

Ranar Asabar ɗin gasa, bakin tafkin ya cika. Sauran makarantu sun zo da iyaye ƙalilan da hulunan rana. Makarantar Ɗalhatu ta zo da kuloli. Barira da ƙawayenta sun shimfiɗa tabarmi, Yunana ya samo kujera a sahun gaba yana cin gyaɗa, shugabar makaranta tana zaune ƙarƙashin laima. Wajen tsakiyar hanyar tseren, ta hannun dama, akwai wani dandamalin katako da ya ɗan shiga cikin ruwa. Ganin jama'a ya sa Ɗalhatu ya yi abin da bai taɓa yi ba duk kakar: ya taka shi, ya je har kusa da ƙarshe, ya tsaya iska na kaɗa masa riga.

"Sarkin Ruwa, a yi hankali," Yunana ya ɗaga murya. "Kada ruwan ya gane ka."

"Yau na ba shi izini ya kwanta."

Mutum ɗaya ne bai iso ba, Alhaji Zainul Abideen, wanda wata kwantena ta riƙe a tashar jiragen ruwa.

Aka busa ƙaho, jirage suka tashi. Daga nesa aka fara jin kalangu, sauran matuƙa suna waige don ba su taɓa jin irinsa a kan ruwa ba. Jirgin Ɗalhatu, duk da nauyin Dikko, yana cikin na gaba. Mata suka saki guɗa. Ɗalhatu ya juyo ya dubi shugabar makaranta, ya dafa ƙirji.

Daidai nan wata farar mota ta tsaya a bayan taro. Alhaji ya fito yana gyara hula, ya ratso mutane, ya zo ya tsaya a gindin dandamali don ya ga ɗansa.

A cikin jirgin mutum ɗaya ne ke kallon gaba, shi ne Dikko.

Kiɗan ya yanke na ƙiftawar ido, sannan ya dawo da wani sabon salo mai zafi wanda duk ɗan Murshid Bazaar ya sani.

"Alhaji Zainu na Turai! Mai kwantena ba ya jiran jirgi, jirgi ke jiran sa! Ga naka a ruwa, uban Haidar!"

Yaran suka yi abin da aka koya musu. Kiɗa ya yi sauri, suka yi sauri. Ƙafar Dikko ta dama kuwa, wadda ta yi haƙuri tun sanyi, ta fara buga ƙasa. Jirgin ya bar layinsa, ya yanko ta gaban wata makaranta, ya miƙo dandamali kamar an aiko shi.

"Dikko! Hagu!" Ɗalhatu ya yi ihu a lasifika. "Ƙafar hagu! Khalas! Ku tsaya!"

Babu wanda ya tsaya, domin Dikko bai tsaya ba. Alhaji, wanda ya ɗauka tsarin bikin ke nan, ya sa hannu a aljihu yana murmushi.

Ɗalhatu ya ga hancin jirgi na nufo shi. Ya ja da baya. Ya ƙara ja. A ja na gaba babu katako.

Babbar rigar ta buɗe a kan ruwa kamar laima, hula ta kama hanyarta. Daga tsakiyar shuɗin yadin aka ji murya, kuma da yake bai saki lasifikar ba, har alƙalan gasa sun ji.

"Wayyo Allah! Ban iya ba! Wallahi ban iya ruwa ba! A Kurna na tashi! Rabi, ki yafe mini! Yunana, ka riƙe mini Nana!"

Jirgin ya goga gefen dandamali ya tsaya a yashi. Dikko ya tsinke igiyoyin, ya diro da kalangunsa a ka, ya ratsa ruwa ya wuce Ɗalhatu, ya durƙusa gaban Alhaji yana miƙa goshi.

Yunana ya taso ba gaggawa, ya je ƙarshen katako ya tsuguna.

"Maƙwabci."

"Ka miƙo hannu! Ina nutsewa!"

"Maƙwabci, miƙe tsaye."

Ɗalhatu ya daina bugun ruwa. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya sauke ta biyu, ya miƙe. Ruwan ya tsaya masa daidai cibiyar da aka yanke a Yawuri.

Dariyar ta fara daga tabarmar Barira, ta bi bakin tafki har ta kai ga waɗanda ba su ji Hausa ba. Wayoyi suka tashi sama. Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba a san ko kuka ba ne.

A cikin jirgi Haidar ya dubi ubansa yana yi wa makaɗi liƙi, ya dubi kocinsa a tsaye da riga ta manne masa, ya dubi 'yan matan ajinsu suna ɗaukar hoto. Ya ce wa sauran da Turanci su bar wurin nan yanzu-yanzu. Suka tura jirgi baya, suka juya shi, suka ja. Babu kiɗa, babu ƙirge, babu mai riƙe igiya. Kunya kaɗai ke tuƙa su, kuma duk kakar ba su taɓa haɗa hannu kamar haka ba. Ba ƙarshen layi suka nufa ba, nesa da jama'a suka nufa, sai dai layin yana kan hanya. Suka ƙetare shi alƙalai na naɗe tutocinsu, ɗaya ya ajiye tuta ya rubuta.

Ranar Lahadi da aka koma makaranta, shugabar ta kira Ɗalhatu. Ya shiga ya tsaya bai nemi kujera ba.

"Na ce jirgi ya kai ƙarshen layi," ta ce. "Ya kai. Ba na canza magana."

Ɗalhatu ya ɗago, ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa. "Madam, ai dabarar ke nan tun farko. A Yawuri—"

"Na sa an fassara mini abin da ka faɗa a lasifika."

Ya mayar da ƙirjin.

Ta ce za a dawo da yaro mai tabarau kujerarsa, kalangu kuma ya tsaya a tudu. Sannan makaranta ba za ta ajiye kocin ruwa da bai iya ruwa ba. Akwai darasin iyo na 'yan firamare duk ranar Talata, ta riga ta sa sunansa.

Ajin su Nana Firdausi ne.

Talatar farko da suka dawo, Yunana na jiran su a kicin, Rabi na yanka albasa.

"Sannu da zuwa, Sarkin Ruwa. Yaya talakawanka?"

"Na je duba yadda suke koyarwa ne," in ji Ɗalhatu yana ɓoye wata jakar leda a bayansa, wadda robar koyon iyo mai hoton agwagwa ke leƙowa daga ciki. "Akwai gyare-gyare, amma malamar tana ƙoƙari."

"Mama, Baba ya yi ƙoƙari yau," in ji Nana Firdausi. "Malama ta ce a tafa masa. Ya saki bakin tafki."

Rabi ta ajiye wuƙa. "Da gaske?"

"Da hannu ɗaya."

Yunana ya buɗe baki, Ɗalhatu ya riga shi.

"A Yawuri," ya ce yana zuba wa kansa shayi, "da hannu ɗaya ake farawa."